Ta yaya ake hira da tsohon ɗan wasa har ya faɗi abin da bai saba faɗa ba?

Ɗan Jekadafari:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin ɗaukar hira da tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo na nan Gombe, waɗanda suka yi dirama a rediyo da dandamali tun muna cikin jihar Bauchi, da kuma 'yan fim na zamanin kaset. Mutum shida na tsara, maza huɗu mata biyu. Abin da nake gudu shi ne irin hirar nan da za a ce "wane ƙalubale ka fuskanta", a amsa da "rayuwa sai haƙuri", a gai da masoya a tashi. So nake su yi maganar sana'ar, da rol ɗin da suka hau, da abin da fim ya jawo wa gidajensu na alheri da akasinsa. Kayan aikina waya biyu ne da ƙaramin makirfo na maƙalawa a riga. Masu sani, ta ina ake farawa, me ake tambaya, me ake bari?

Malamin Wunti:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, wannan amsa ta "sai haƙuri" tambayar ce ta haife ta. Mutumin da ya shekara talatin ana yi masa tambaya iri ɗaya ya haddace amsarta kamar karatun allo, kuma magana a gaban kyamara ita ce sana'arsa. Kana kunna na'ura zai gyara zama ya koma dattijon masana'anta mai ba da nasiha. Sai ka zo masa da abin da bai tanadi amsarsa ba.

Kafin ranar, nemo aikinsa uku: wanda ya fito da shi, wanda har yau ake kiransa da sunan da ya ci a ciki, da wani da bai yi kasuwa ba. Yanko kamar minti biyu daga kowanne ka sa a waya. In kun zauna, miƙa masa wayar ya riƙe da hannunsa, kai kuma ka kama bakinka. Za ka ga ya matso da ita kusa da ido, ya yi murmushi, ya ɗora yatsa a kan wani da ke tsaye can bayan sin ɗin ya ce wane ne wannan, Allah ya jiƙansa. To a nan hira take farawa. Tambaye shi gidan wa aka ara aka ɗauka, rigar da ke jikinsa tasa ce ko ta aro, sau nawa aka maimaita, wa ya sa masa maganar a baki. Wannan ta ƙarshen kada ka tsallake ta. A finafinan kaset da yawa, musamman na camama, wato na barkwanci, ba a zuwa lokeshan da cikakken rubutu. Darakta ne zai faɗi abin da sin ɗin ya ƙunsa, ɗan wasa ya zuba nasa. Ke nan maganganun da yara suka riƙa maimaitawa a unguwa sau da yawa ƙirƙirarsa ce, kuma ba kasafai ake tuna a tambaye shi ba.

Kada ka buɗe da "a ina aka haife ka". Wannan tana cinye kwata guda, daga makarantar allo zuwa firamare, lokacin da za a iso fim ya gaji. Bar ta zuwa zama na biyu.

A kan rol, tambaya biyu ce ta fi buɗe baki: wane rol aka kawo maka ka ƙi, da wane ne ka so a ba ka ba a taɓa ba ka ba. Dalili kuwa, masana'antar nan in rol ya karɓi mutum sau ɗaya an ɗaure shi a kai ke nan. Furodusa ba ya son caca da kuɗinsa, wanda ya yi bos, wato babban mugun fim, aka sayi kaset shi zai sake kira ya yi bos. Haka za ka tarar da wanda aka fara sa wa furfurar ƙarya tun yana ɗan talatin da 'yan kai, bai sake fitowa saurayi ba. Wanda ya saba fitowa mugu ko boka kuma, tambaye shi abin da ake ce masa a kasuwa da tasha, da yadda aka yi lokacin da ya je neman aure. Masu kallo da yawa ba sa raba mutum da rol ɗinsa, kuma wannan ciwo ne da 'yan wasa ke ɗauke da shi ba tare da sun sami mai tambaya ba.

Sai batun shekaru. Da wuya ɗan wasa ya tuna shekarar fim, amma yana tuna abin da ya faru kafinsa da bayansa. Don haka ka riƙe 'yan turaku a kanka: fim ɗin Turmin Danya ya fito a 1990; an ƙirƙiri jihar Gombe a 1996; Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001; jarumi Ahmad S. Nuhu ya rasu a hatsarin mota ta wajen Azare ranar 1 ga Janairu 2007, kuma a shekarar ne aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, shekarar da Arewa24 ta fara aiki. In ka ce "kafin rasuwar Ahmad ne ko bayanta", nan take zai ba ka amsa. In ka sami tsofaffin kwafen mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999, sai ka gwada abin da ya faɗa da abin da aka buga a lokacin.

Hajiyar Fadaman Mada:

Maganar Malam ta yi, amma a wuri ɗaya ban bi shi ba. Wannan dabara ta miƙa waya kyamara na kunne, kada ka yi wa matan. Sin ɗin da ka yanko wataƙila na rawa da waƙa ne da ta yi tana 'yar ashirin, yau kuwa tana da surukai da jikoki. Nuna mata tun kafin ranar ɗauka, ita ta zaɓi wanda za a yi magana a kai.

Zuwan farko ka je hannu rabbana, ba waya a fili, ba makirfo. Ka tafi da mace, yayarka ko wata da ta sani, in kuma tana gidan miji to da saninsa za a yi. A wannan zaman ku raba maganganu kashi uku: wanda za a ɗauka a saki, wanda za a ɗauka a ajiye sai ta ba da izini, da wanda ba za a taɓa ba sam. Rubuta su a gabanta ka karanta mata. Za ka yi mamakin yadda mutum yake sakin jiki in ya san iyakar inda za a kai shi.

Maganar aure ita ce inda masu hira suka fi ɓata aiki. Kowa ya san al'adar masana'antar: yawanci jaruma in ta yi aure ta bar fitowa, in auren bai ɗore ba ta dawo. Sai mai hira ya tsaya a kan "me ya kashe auren". Wannan tambaya ba ta da amfani a wurinka, ɗana, domin akwai tsohon miji da ba ya wurin balle ya kare kansa, akwai 'ya'yan da gobe za a nuna musu a makaranta. Tambaye ta abin da ya shafi aikin: da ta bari me ta fi kewa, da ta dawo me ta tarar ya sauya, wa ya fara kiranta, yaya ta ji ranar da aka ce uwar jaruma za ta fito ba jarumar ba. A nan rayuwarta za ta fito da kanta, gwargwadon yadda take so.

In ta fara kuka, kashe kyamara, ba ta ruwa, sannan ka tambaye ta ko a ci gaba. Kuma izinin da za ta ba ka ya zama da bakinta a farkon ɗauka, ko a rubuce: sunanta, inda za a saka hirar, da ko ta yarda a yanka gajeru. Gajerun nan su ne masifar. Hirar awa guda ba ta cutar da kowa, amma daƙiƙa talatin da wani zai yanke ya ɗora a TikTok da nasa kanun ita ke hana mutum barci. In akwai jimlar da ka san in an cire ta ita kaɗai za ta zama abin zagi, kai ka fara cire ta, ko ka koma ka ce ta sake faɗa a cike.

Mai Kyamara na Bolari:

Ni a kan kayan aiki zan tsaya. Sauti ya fi hoto muhimmanci a irin wannan aiki, mutane suna jure hoto mai duhu amma ba sa jure muryar da ba a ji. Maƙala makirfon kamar taki ɗaya ƙasa da haɓa. In babbar riga ce mai sitaci ko mayafi, tabbatar yadin ba ya gogarsa, domin wannan ƙarar ba ta fita a wurin tacewa. Sa wayoyin biyu a yanayin jirgi, kira ɗaya yana iya yanke ɗauka. Waya ɗaya ta ɗauki hoto a kan ƙafa, ɗayar ta ɗauki sauti zalla a matsayin kariya. In manhajar tana ba da zaɓi, ɗauki sautin a tsarin WAV a 48kHz. Awa guda ba ta wuce kusan gig ɗaya ba. Tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara da farko, da wannan za ka haɗa sauti da hoto.

Ɗaki mai labule da kafet da kujerun kushin ya fi falo mai tayil, wanda ke mayar da murya kamar cikin randa. Kashe fanka, janareta ya yi nisa. Saboda zafin garin nan, ɗauki da safe tsakanin tara da sha ɗaya, ga haske ga sauƙin zafi, kuma kun gama kafin kiran sallar Azahar. Taga ta kasance a gefen fuskarsa, ba a bayansa ba. Dattijo kada ya wuce minti arba'in da biyar a zama ɗaya. Zama biyu gajeru sun fi ɗaya dogo.

In ya ɗauko maka tsohon kaset, duba ta tagar kaset ɗin tukuna. In ka ga fari-fari a jikin zaren, fumfuna ce, kada ka sa a na'ura, za ta ɓata kan na'urar ta kuma shafa wa na gaba. Hotuna da fasta kuwa ɗauke su da waya a inuwa a nan gidan, kada ka tafi da su.

Ɗan Jekadafari:

Allah ya saka da alheri, Hajiya na ɗauki gyaran. Saura maganar kuɗi. Biyu daga cikinsu tun a waya suka fara cewa an ci guminsu. In bar su su faɗa ko in kauce?

Malamin Wunti:

Kada ka kauce, rabin tarihin ke nan. Amma ka tuna abin da ya biyo bayan hirar BBC Hausa da tsohuwar 'yar wasa Ladin Cima a 2022, a shirin Daga Bakin Mai Ita: ta yi maganar 'yan dubban da ake ba ta, wasu masu shirya fim suka fito da nasu lissafin, aka kwashe kwanaki ana cacar baki. Abin da ke jawo haka shi ne babu takarda. Yawancin aikin da baki ake ƙulla shi, a sallami mutum a lokeshan, kowa ya riƙe abin da ya tuna.

Don haka kada ka tsaya a "nawa aka ba ka". Tambayi yadda ake biyan: da sin ake lissafi, da yini, ko da fim ɗungurungum? Wa ke miƙa kuɗin, furodusa ko yaronsa? Kuɗin mota da abinci suna ciki ko daban? Ga ɗan Gombe wannan babba ce, domin in sallamar ta haɗa da motar zuwa Kano da dawowa, abin da zai shigo da shi gida kaɗan ne. Sannan ka sa ya auna kuɗin da abin da suke saya a lokacin, buhun masara ne ko kwano biyu, don adadi kaɗai ba ya gaya wa yaron yau komai. Ka kuma bar shi ya bayyana inda kuɗin suke tafiya a zamanin kaset da faifai: furodusa ya kai fim wurin 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai ta Kano, su buga su sayar, ɗan wasa ba shi da kaso ko an sake bugawa sau goma. Da kasuwar faifai ta mutu aka koma YouTube da fim mai dogon zango, tsofaffin finafinan ma wasu suka ɗora su suna samu, waɗanda ke ciki ba su san an yi ba.

In ya kama sunan wani ya ce ya cinye masa haƙƙi, hanya biyu ce: ko ka nemi mutumin ka ji ta bakinsa ka haɗa, ko ka cire sunan ka bar labarin. In wanda aka ambata ya rasu, cire kawai. Ainihin ɗaukar da ba a taɓa ba kuma ka ajiye ta wuri biyu, ka rubuta kwanan wata da sunan mai maganar a jikin kowane fayil, ka kai masa kwafi ɗaya ya ajiye wa iyalinsa.