Ubuntu a cikin VirtualBox yana jan ƙafa, kuma shafin Django ya ƙi buɗewa a Windows

Ɗalibin_Manhaja ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fanni. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana da RAM gigabait 8 da Windows 11, kuma na girka VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfutarka, na ɗora Ubuntu 24.04 mai cikakkiyar fuska a cikinta, domin in riƙa rubuta manhajar Django (tsarin gina shafukan intanet da Python) a yanayi irin na sabar da za a ɗora aikin a kanta daga baya. Na ba kwamfutar kwaikwayon gigabait 4. Matsaloli uku ne suka dame ni. Komai yana tafiya a hankali ƙwarai, har buɗe taga ɗaya sai na jira. Idan na kunna sabar Django a cikin Ubuntu, burauzar Windows ba ta ganin shafin. Kuma idan na gudanar da npm install, umarnin girka fakitocin JavaScript, a foldar da na raba tsakanin tsarin biyu, sai ya tsaya da kuskure a kan symlink, wato fayil mai nuni zuwa wani fayil. Shin kwamfutar ce ta yi ƙanƙanta, ko saitina ne ba daidai ba?

Injiniya_Sabon_Gari ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwamfutarka za ta iya aikin, amma ka ɗora mata kayan da ba ka buƙata. Tunda abin da kake so shi ne yanayi irin na saba, babu dalilin da zai sa ka riƙa tafiyar da fuskar GNOME a cikin Windows wadda ita ma tana da tata fuskar, alhali dukansu biyu daga gigabait 8 ɗin nan suke ci. Shawarata ita ce ka sake gina ta da Ubuntu Server 24.04 LTS, wanda ya fito a watan Afrilun 2024 kuma yake da tallafi na shekara 5. Ka ba shi gigabait 2 zuwa 3 da cibiyar sarrafawa (CPU) 2, kuma a lokacin girkawa ka zaɓi a saka OpenSSH, domin ka riƙa shiga Ubuntu daga Windows ta SSH, amintacciyar hanyar ba kwamfuta umarni daga nesa. Faifai mai faɗaɗa kansa na gigabait 30 zai ishe ka, domin ba ya cin wuri sai gwargwadon abin da ka zuba a cikinsa.

Maganar shafin da ya ƙi buɗewa abu biyu ne suka haɗu. A tsarin haɗin sadarwa na NAT da VirtualBox yake zuwa da shi, baƙuwar kwamfuta, wato Ubuntu, tana samun adireshin 10.0.2.15, tana iya fita intanet, amma mai masaukinta, wato Windows, ba ya iya shiga wurinta sai an buɗe masa ƙofa. Ka shiga Settings, sannan Network, ka nemi Port Forwarding, ka haɗa ƙofa 2222 ta Windows da ƙofa 22 ta Ubuntu domin SSH, ka kuma haɗa 8000 da 8000. Abu na biyu shi ne, runserver, umarnin kunna sabar Django, yana sauraro ne a 127.0.0.1 kaɗai idan ba ka gaya masa wani abu ba, wato a cikin Ubuntu kawai, saboda haka sai ka rubuta python manage.py runserver 0.0.0.0:8000 kafin buƙatar da ta taso daga waje ta isa gare shi.

Amma a ganina babbar illar tana wurin foldar da ka raba. Fayilolin da ke cikinta a kan faifan Windows suke zaune, kuma VirtualBox yana hana ƙirƙirar symlink a irin wannan folda sai an canza saiti, shi kuwa npm yana buƙatarsu a cikin node_modules/.bin. Za a ce maka ka ƙara --no-bin-links, kuma kuskuren zai ɓace, sai dai jinkirin zai ci gaba, kuma kayan aiki irin su Vite da suke jiran sanarwar sauyin fayil ba za su lura ka gyara komai ba. Akwai kuma wani tarko: Windows bai bambanta Header.js da header.js ba, Linux kuwa yana bambantawa, sai aikin ya yi kyau a wurinka ya karye ranar da ka kai shi saba. Ka ajiye lambobinka a cikin faifan Ubuntu kansa, ka jawo su da git, ka shiga ta SSH.

Mai_Linux ta amsa:

Na yarda da abin da Injiniya ya faɗa, sai dai kafin ka rushe komai, ka duba ƙasan tagar VirtualBox ta gefen dama. Idan ka ga hoton ɗan kunkuru kore, to Hyper-V, tsarin kwaikwayon kwamfuta na Windows kansa, shi ne ya riƙe fasahar VT-x ko AMD-V ta furosesarka da kwaikwayon ke dogara da ita, VirtualBox kuma yana bi ta kansa ne, kuma ko gigabait nawa ka ƙara jinkirin ba zai tafi ba. A Windows 11 sau da yawa Memory integrity da ke ƙarƙashin Core isolation ne yake jawo haka. Ana kashe shi, sannan a gudanar da bcdedit /set hypervisorlaunchtype off da izinin mai gudanarwa, a sake kunna kwamfutar. Ka sani dai wannan yana rage wani ɓangare na kariyar Windows, kuma WSL2, hanyar Windows ta tafiyar da Linux a cikinta, zai daina aiki.

Wannan ma ya sa nake tambayarka ko lallai VirtualBox kake buƙata. Ga mai RAM 8 da yake rubuta Django kawai, WSL2 ya fi sauƙi, kuma localhost yana aiki ba tare da wani saiti ba.

Injiniya_Sabon_Gari ya amsa:

Gaskiya ne, Malama, maganar kunkurun tana da muhimmanci. Abin da ya sa ban tura shi WSL2 ba shi ne ya ce yana son koyon yanayin saba, kuma a nan Snapshot na VirtualBox, wato adana yanayin kwamfutar kwaikwayon a wani lokaci, yana da amfani sosai: ya ɗauki ɗaya da zarar ya gama girkawa da sabuntawa, sai ya gwada nginx da PostgreSQL da katangar ufw yadda ya ga dama, idan ya ɓata ya koma baya cikin ɗan lokaci ba tare da ya sake ƙona data ba. Kada dai ya ɗauke shi a matsayin ajiya, domin a faifai ɗaya yake da asalin. Lambobin su riƙa tafiya GitHub ko GitLab kullum.

Ɗalibin_Manhaja ya amsa:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Kunkurun yana nan kuwa, kuma bayan na kashe Memory integrity da Hyper-V ya ɓace. Na girka Ubuntu Server da gigabait 3, ina kunna shi da Headless Start, wato ba tare da taga ba, ina shiga da Remote-SSH na VS Code ta ƙofa 2222, kuma npm ya kammala ba tare da kuskure ba. Na kuma lura VS Code yana tura ƙofa 8000 da kansa, har ban buƙaci 0.0.0.0 ba. Tambayar da ta rage ita ce, idan ina son in gwada shafin a wayata da ke kan MiFi ɗaya da kwamfutar, shin Bridged Adapter zan koma, inda Ubuntu zai samu adireshinsa kai tsaye daga MiFi ɗin, ko akwai hanyar yin haka ina kan NAT?