Sayen Jirgin Kamun Kifi a Teku: Shawarwarin Majalisarmu

Ranar Asabar a majalisarmu ta Unguwar Rimi, ƙanina da ke aiki a Legas ya ce zai sayi jirgin kamun kifi a teku. Mu da ba mu san komai ba sai kwalekwalen Kogin Kaduna muka ja baki, waɗanda suka zauna Fatakwal suka karɓi zancen.

Gishiri suka fi tsayawa a kai. Kawunmu ya ce, “Ɗana, ruwan teku cin ƙarfe yake yi. Duk ranar da ka dawo, ka wanke inji ciki da waje da ruwan daɗi.” Ya ce a riƙa duba guntun tutiyar da ke jikin injin, don ita gishiri ke ci maimakon injin, in ta zaizaye rabi a sauya ta. Kusoshi kuwa sai na ƙarfen da ba ya tsatsa.

Jirgin faiba (wanda aka ƙera da wata irin roba mai tauri) mai tsinin gindi ya fi yanka igiyar ruwa, mai shimfiɗaɗɗen gindi na bakin gaɓa ne. In za a yi nisa, inji biyu. Injin Yamaha aka fi ambata saboda sauƙin samun kayan gyara.

Abin da ya fi shiga raina shi ne raba man inji kashi uku: na tafiya, na dawowa, da na ajiya. Sai rigar ceto ga kowa, anga, na'urar nuna hanya ta GPS, famfon kwashe ruwa da rediyon sadarwa na VHF, wanda tasharsa ta 16 ce ta neman agaji, domin sabis ɗin waya ba ya kaiwa tsakiyar teku. Na roƙi ƙanina ya sayi waɗannan kafin ƙugiya.