Wasan ɗamara: sunan da na samo wa abin da nake koya bayan la'asar

Assalamu alaikum jama'a. Kwanaki na nemi ku taya ni laluben wata kalma ta Hausa da za ta tattara kareti da judo da ire-irensu, kuma kun taya ni, Allah Ya saka da alheri. Yau zan faɗi inda na tsaya, amma bari in fara da abin da ya jawo maganar, saboda waɗanda ba su gani ba.

Bayan an gama yankan gero na shiga wani rukuni da wani tsohon soja yake koyar da kareti a filin firamaren garinmu, nan gefen Ringim. Mu goma sha ɗaya ne, ni ne babba, shekarata 43. Gwiwa ce ta fara ciwo, numfashi yana yankewa idan na ɗauki buhu, shi ya kai ni. Wata rana na fito da fararen kayan horo, Baffana yana zaune a dakali, ya ce, "Kai kuma ina zuwa haka kamar mai ɗaura harami?" Na ce, "Baffa, faɗa nake koyo." Ya daɗe bai ce komai ba, can ya ce, "Da 'ya'yanka biyar? Wa ya taɓa ka?"

Abin ya tsaya mini a rai. Ba laifinsa ba ne, kalmar da na ba shi ce ba ta da kyau. Faɗa a wurinmu zubar da mutunci ne, magidanci ba ya koyon sa. Turawa suna da suna ɗaya da ya tattara kareti da judo da tekwando da kunfu, suna cewa martial arts, daga sunan Mars, gunkin yaƙi na Rumawan da. Mu me za mu ce?

Da yawanku kun ce fasahar yaƙi. Fassara ce daidai, amma kunnen Bahaushe idan ya ji yaƙi, barade yake gani da lifidi da sulke da kwalkwali, ko kuma sojoji da bindiga. Ban ɗauke ta ba.

Matasa suka ce ai da sunansa tuntuni, faɗan Chanis. Wannan gidan kallo ne ya haife shi, kuma akwai kuskure a ciki. Kunfu ne na ƙasar Sin. Kareti daga tsibirin Okinawa ya fito, Gichin Funakoshi ne ya nuna shi a Tokyo a 1922, daga nan ya bazu a Japan. Judo kuwa Jigoro Kano ne ya kafa makarantarsa a Tokyo a 1882 (sunan ya yi kama da na birninmu, amma babu wata dangantaka). Tekwando na Koriya ne. Ga shi kuma kalmar faɗan nan ta sake dawowa.

Wani ya ce damben Japan. Na kai wa abokina mahauci wannan, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa, bai bari na rufe baki ba. Ya ce dambe ba kowane naushi ba ne. Hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ne mashi, ɗayan a buɗe a gaba, shi ne garkuwa. Turmi uku ake yi, wanda ya kai ƙasa an kashe shi. Akwai kiɗa, akwai kirari, akwai ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada. Ya ce in ka cire waɗannan, ka bar masa sunansa. Kuma gaskiyarsa. Ma'anar kareti ma a harshensu hannu ba komai, ba naɗi ba makami. Judo kuma a gasa babu naushi sam, kamawa ce da kayarwa da dannewa, ta fi kusa da kokawa.

Wadda ta fi ba ni wahalar ajiyewa ita ce dabarun kare kai. Tana da mutunci, dattijo zai karɓa, gidajen rediyo ma za su so ta. Sai dai ta yi faɗi ta wani gefe, ta yi ƙunci ta wani. Mai kulle ƙofarsa da dare kare kai yake yi, mai rigakafi ma haka. Kuma lokacin da Chika Chukwumerije ya ciyo wa Nijeriya tagulla a tekwando a gasar Olimfik ta Beijing a 2008, ba wanda ya tare shi a hanya. Gasa ya je, da alƙali da maki.

Wata malamar Islamiyya daga wajen Gumel ce ta buɗe mini ido ba tare da ta sani ba. Tambaya kawai ta yi: "Wai bel ɗin da kuke ɗaurawa, ba ɗamara ba ce?" Ai kuwa ita ce. Bel na riƙe wando ne, wannan kuwa a kan riga ake ɗaura ta, a zagaya ƙugu sau biyu a ƙulle a gaba, kuma ita ke faɗin matsayin mutum. Ɗan koyo fara yake ɗaurawa, wanda ya ƙware baƙa. Daga judo wannan tsari ya faro, sauran suka ara, daga baya aka ƙara launuka a tsakani.

Ku duba abin da ɗamara take ɗauke da shi a Hausa. Idan aka ce wane ya ɗaura ɗamara, ya shirya ke nan, ya ƙudurta, ba da wasa ya zo ba. Idan aka ce aikin ɗamara, kowa ya san soja ne ko ɗan sanda, aikin horo da bin umarni. To ashe ma'anar da Turawa suka nemo daga gunkin Rumawa, mu tana cikin bakinmu tun kaka da kakanni, kuma babu ƙamshin rigima a jikinta. Shi ya sa na tsaya a kan wasan ɗamara. Jam'i wasannin ɗamara, mai yi ɗan wasan ɗamara, mace 'yar wasan ɗamara. Ni mai farar ɗamara ne, malaminmu mai baƙa.

Na san akwai suka. Wani ya ce boksin da damben Tailan ba su da wannan ɗamara. Haka ne, amma su ba marayu ba ne, kalmar dambe ta riga ta rufa musu asiri. Wani ya ce 'yan kokawarmu ma suna ɗaura abu a ƙugu. Wannan bai dame ni ba, in kokawa ta shigo ƙarƙashin sunan, 'yar gida ce.

Sauran kalmomin ba su ba mu wuya ba. Dojo, wato wurin horo, mun ce fage. Sensei mun ce Malam, da ma haka muke kiran sa. Sunkuyawar da ake yi kafin a kara kuwa, tun ranar farko ya ce ba za a yi ba, sallama muke yi mu gaisa da hannu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sake wucewa ta gaban Baffa, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baffa, zan je wasan ɗamara." Ya kalli ƙuguna ya ce, "Taka fara ce?" Na ce ta masu farawa ce. Ya ce, "To Allah Ya ba da sa'a, a kula da gwiwar nan."

Saura kata, wato jerin taku da bugu da mutum yake maimaitawa shi kaɗai har jiki ya haddace. Ni tilawa ce take zo mini a baki, amma ina jin nauyin ɗauko kalmar daga makarantar allo in kai ta fage. Mutanen Haɗeja da Kazaure da Ɗambatta, me kuke da shi?