Hannuwan tarakta na suna sauka da kansu idan mai ya yi zafi

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa, ina cikin damuwa. Massey Ferguson 135 ce, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da ya rasu yayyena suka ce a sayar, ni na kafe a bari, muka yi wata uku ba ma ga maciji da babban wanmu, har sai da na biya kowa rabonsa. Yanzu kowa ya zuba ido ya ga ta kunyata ni. Da safe tana ɗaga garma lafiya lau. Bayan awa ɗaya sai hannuwan su riƙa sauka suna zabura sama kamar mai shaƙuwa, in na kashe inji kuwa garma ta zube ƙasa. Na ƙara mata mai mai kauri. Me zan yi?

Tsohon direba: Wa alaikumus salam. Famfo ne, ƙanena. Shekara 30 ina kan irin wannan. An daina ƙera 135 tun shekarun 1970, me kake jira daga famfon da ya girme ka? Sayi sabo ka huta.

Bakaniken gona: Baba, a yi haƙuri, famfon da ya mutu ba ya ɗaga garma da safe. Kuma in an kashe inji famfo ba ya aiki, amma garma ta kamata ta ɗan tsaya. Zubewarta na nufin mai yana sulalewa ta wani wuri: zoben fistan na silindar ɗagawa, ko robar bututun da ke kai mai sama daga famfo, ko bawul. Shaƙuwar nan ita ce na'urar ɗagawa ke gyara tsayi duk lokacin da hannu ya ɗan sauka. Malam, rage man, buɗe murfin gefe, ɗaga garma, ka haska tocila. In yana zuba daga sama, silinda ce ko bututun. Kada ka sa hannu ciki inji na kunne, kada kowa ya shiga ƙarƙashin garma. Wane mai ka ƙara, kuma yaushe aka yi juye na ƙarshe?

Mai haro biyu: Ni kam bakanike ya gama da ni. Ya kwance min murfin sama, ya tafi da sassa a buhu, damina ta wuce ban sake ganinsa ba. Da ya dawo noti huɗu babu.

Tsohon direba: Ka ji ko? Kwance-kwance ke kashe tarakta. Famfo, na ce.

Mai tambaya: Man ba shi da laifi, mai kyau ne, kuma da na zuba ta ɗan yi dama-dama kwana biyu. Mahaifina ma haka yake yi.

Bakaniken gona: Dama-damar ita ce shaidar yoyo, mai kauri ya fi jinkirin sulalewa. Giya da famfo da akasul na baya duk mai ɗaya suke sha, kusan lita 30, gauraya ba ta yi musu kyau. Duba launinsa, in ya koma kamar madara ruwa ya shiga.

Hajiya mai gona: Ɗana, libar garma, wadda ke jin nauyin ƙasa ta sandar sama, tana can ƙarshen sama lokacin da kake amfani da ta tsayi? Direbana ya sha rikita su.

Mai tambaya: Hajiya, na san libobina. Batun juye kuma ban ga abin da ya haɗa shi da wannan ba.

Tsohon direba: In ka gama haske-hasken tocila za ka dawo kan maganata.

Mai tambaya: To famfon, dole sai an raba taraktar biyu kafin a fito da shi? Wana zai zo ranar Asabar, ba na so ya tarar da ita a kwance.