Ƙanena na son ajiye karatu ya tafi Kenya koyon gudu, ku ba ni shawara

Mai neman shawara:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Ni ɗan Jos ne, dankalin turawa da kabeji nake sayarwa a Farin Gada. Mahaifinmu ya rasu shekara shida da suka wuce, ya bar mu mu bakwai, ni ne babba. Tun ranar sadakar uku ƙanin babanmu ya tayar da maganar gidan gado, wai a sayar a raba. Na ce ba mai sayar da gida Inna na ciki. Daga ranar ya daina amsa gaisuwata, ko bikin 'yarsa bara a bakin mutane na ji. Duk na haɗiye. Ni na biya wa yaran nan kuɗin makaranta, ni na aurar da ƙannena mata biyu, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

To yanzu autanmu ne, shekararsa 19. Tun yana firamare in aka aike shi da gudu yake zuwa, da gudu yake dawowa. Yanzu ana sallame asuba zai ɗaura kambas ya nufi hanyar Lamingo, cikin sanyin nan da mu ko alwala sai da ruwan zafi. In ya dawo za ka ga gishirin gumi fari-fari a wuyan rigarsa. Ya samu gurbin karatu bana, sai kocinsu ya ce a jingine karatun shekara ɗaya a tura shi Iten a Kenya wata shida, in ya dawo ya shiga gudun fanfalakin Legas, mai kilomita 42, a watan Fabrairu. Kuɗin ba za su haɗu ba sai na sayar da keke napep ɗin da nake bayarwa haya, kuma da kuɗin keken nan ake cefanen gidan Inna. Me kuka gani?

Tsohon Ɗan Tsere:
Wa alaikumus salam ƙanena. Shekara tara na yi ina gudun dogon zango a filin Rwang Pam da tsaunukan Pankshin, saboda haka ka saurare ni da kyau. Ka ba mu labarin baffanku da bikin 'yarsa, amma abin da ya kamata ka faɗa ba ka faɗa ba. Minti nawa yaron nan yake yi a kilomita 10? A harkar nan agogo ne alƙali.

Bari in ba ka misali da Kenenisa Bekele na Habasha. Yaron ƙauye ne daga Bekoji, garin da ke kan tudu fiye da Jos nesa ba kusa ba. Bai fara da fanfalaki ba. Da gudun ratsa daji ya fara, wanda ake yi cikin ciyawa da laka da hawa da gangara. Daga 2002 zuwa 2006 shekara biyar a jere yana cinye gasar duniya ta wannan gudun, gajeren zango da dogon zango duka. Ya ci zinare a mita 10,000 a Olamfik ta 2004, a Beijin a 2008 ya haɗa da ta mita 5,000. A 2005 ya yi mita 10,000 cikin minti 26 da daƙiƙa 17, ba wanda ya karya wannan tarihin sai Cheptegei na Yuganda a 2020. Sai da ya haura shekara talatin sannan ya koma kilomita 42. Shi kuma kocinku yana so ya jefa ɗan shekara 19 cikin kilomita 42 bayan wata shida? Ƙashin yaron ma bai gama ƙwari ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ni dai in ka ji tawa kada ka taɓa keken nan. Maigidana ma ɗan gudu ne a da, ga kofuna nan a saman sif sun yi ƙura, ni ke goge su. Yau in zai yi sujada sai ya dafa bango saboda gwiwa. Lokacin da yake ciyo wa jiha lambobi kowa ɗan uwansa ne, da ya kwanta ko ƙwayar Panadol ba wanda ya aiko. Alawus ɗin wata gasa har yau bai fito ba, yaran da na haifa bayanta sun shiga sakandare.

Mai neman shawara:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Amma yaron nan daban ne wallahi. Ko shayi ba ya zama sha a majalisa, ƙarfe tara ya kwanta. Kocin kuma mutumin kirki ne, shi ya saya masa takalmi a gwanjo da kuɗin aljihunsa.

Tsohon Ɗan Tsere:
Ban tambaye ka halinsa ba, lokacinsa na tambaya. Kuma ka san me ake zuwa nema a Iten? Tudu. Garin ya kai kusan mita 2,400 sama da teku, iska ba ta ƙosar da huhu, sai jiki ya ƙara jini don ya rama, in ka sauko ƙasa ka ji kamar an sauke maka kaya. Jos tana wajen mita 1,200, rabin wancan, shi ya sa 'yan Filato suka fi sauran Najeriya a dogon zango. Amma tudu kaɗai ba ya mai da mutum zakara. A can yara ɗaruruwa ne suke fita atisaye da asuba, mafi yawansu ba wanda zai taɓa jin sunansu. Tun da aka fara gudun Legas a 2016 'yan Kenya da Habasha ne ke kwashe manyan kuɗin, namu sai kyautar da aka ware wa 'yan gida.

Kuma ko shi Bekele bai sha da daɗi ba. A farkon 2005 yarinyar da zai aura, ita ma 'yar tsere, ta faɗi ta mutu suna tsakar atisaye tare. A 2010 tsokar sha-raɓarsa ta yage, ya fi shekara bai yi tsere ba. A Olamfik ta Landan a 2012 na huɗu ya zo a mita 10,000, ƙaninsa Tariku ne ya karɓi tagulla. Wannan wanda ke da likitoci da kamfanin takalmi a bayansa ke nan. Naka in agara ta tsinke a Iten wa zai biya asibiti, ga keke an sayar?

Kawu na Bukuru:
Ɗana, ku duka kun bar hanya. A nema wa yaron aikin ɗamara kawai. Paul Tergat da ya ci gudun ratsa daji na duniya sau biyar a jere daga 1995 zuwa 1999 sojan sama ne na Kenya. Da yawan 'yan gudun Kenya 'yan sanda ne ko gandirobobi, ana biyansu albashi suna gudu. In ƙafa ta ƙi, ga kaki. Ni nawa ɗan sau uku yana cike fom ɗin ɗaukar aiki, kullum sai a ce sai da wani a sama, har na gaji na buɗe masa shagon caji.

Malama:
Kawu ai kai da kanka ka rushe shawararka. Ni a ganina ya karɓi gurbin karatun, ya riƙa gudu da asuba kamar yadda ya saba, ya shiga wasannin manyan makarantu. In ya isa, ya gwada kilomita 10 na Okpekpe a Edo, inda za a auna shi da agogon gaske. Tambayata ɗaya: ka ga takardar gayyata daga sansanin na Kenya da idonka? Kuma kuɗin hannun wa za su shiga?

Mai neman shawara:
Malama takarda tana zuwa, koci ya ce sai an kammala biya. Na riga na ba da kafin alƙalami, ba zan faɗi nawa ba don kada a yi ta magana. Yaya mai tambayar lokaci, na tambayi yaron, ya ce minti 31 da wani abu. Da mitar babur ɗin abokinsa suka auna hanyar.

Tsohon Ɗan Tsere:
Mitar babur! Inna lillahi. Ka kawo shi filin wasa ranar Asabar ƙarfe shida, zagaye 25 ne mita 10,000, ni zan riƙe agogo da hannuna, ko sisi ba na so. In ya yi 31 na gaskiya yaron yana da abin yi, amma ko a haka ba Kenya ba ce ta gaba, kuma ba fanfalaki ba. Ka ce kocin ya maido maka kuɗinka tukuna.

Maman 'Yan Biyu:
Ita Inna ta san za a sayar da abin cefanenta?

Mai neman shawara:
Ba ta sani ba tukuna, hawan jini gare ta, sai komai ya kankama zan faɗa mata. Ku ba ku ga idon yaron nan ba ranar da aka ce masa Kenya. Ni an cire ni daga aji uku aka kai ni kasuwa, ba wanda ya tambaye ni me nake so. Asabar kuma ranar sauke kaya ce, motar dankali ke zuwa daga Bokkos, ba na jin za mu samu zuwa. Mai sayen keken ya ce Juma'a zai kawo kuɗi. Na gode da shawarwari, a ci gaba da sa mu a addu'a.

Kawu na Bukuru:
Ɗana, keken nawa ka yi masa kuɗi? Takardunsa sun cika? In ba ku gama ciniki ba ka yi min magana ta gefe.