Shin fararen ƙwayayen sola ne ke hana yarana barci da wuri?

Maman Khalifa, Unguwar Sarki:
Assalamu alaikum. Tun da muka sa sola a gida muka koma amfani da fararen ƙwayayen nan masu ƙarfi, yarana ba sa jin barci sai wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, alhali a da ana idar da sallar isha'i suke fara gyangyaɗi. Da safe kuma sai an yi da gaske kafin su tashi shirin makaranta. Shin haske yana da irin wannan tasiri a jikin ɗan Adam, ko akwai wani dalilin da ya kamata in bincika?

Malam Auwal, Kawo:
Wa alaikumus salam, Maman Khalifa. Zarginki yana da tushe a kimiyya. A cikin ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suke gittawa, akwai wani ɗan gungu na ƙwayoyin jijiya kusan 20,000, kuma shi ne babban agogon jiki. A yawancin mutane zagayensa ya ɗan haura awa 24, saboda haka kullum sai an saita shi, haske ne kuma yake wannan aikin. A bayan ido akwai wasu ƙwayoyi da ke kai wa agogon labarin ko rana ce ko dare, kuma sun fi kama haske mai shuɗi-shuɗi, irin wanda fararen ƙwayayen LED suke fitarwa da yawa.

Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa takan saki sinadarin melatonin, wanda ke shaida wa jiki cewa lokacin barci ya gabato. Haske mai ƙarfi bayan magariba yana danne shi ya tura agogon zuwa can cikin dare, hasken safiya kuwa yana janyo shi ya dawo da wuri. Abin ya fi tsanani ga yara, domin idanunsu sun fi na manya barin haske ya ratsa. Batun ba ƙarami ba ne: a 2017 Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka samu lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda ƙwayoyin gado ke tafiyar da wannan agogo, a binciken da suka yi a kan ƙananan ƙudaje.

Hajiya Rabi, Barnawa:
Ni ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, kuma ina so in ja hankalinki ga safiya, wadda aka fi mantawa da ita. Hasken falo ba ya wuce 'yan ɗaruruwan luks (ma'aunin ƙarfin haske), amma tsakar gida da hantsi ya haura luks 10,000, ko a lokacin hazon hunturu ma waje ya fi ɗaki haske nesa ba kusa ba. Ki buɗe tagogi da sassafe, su yi kalaci a tsakar gida. Da dare ki kashe manyan ƙwayaye bayan isha'i, ki bar ƙarami mai launin rawaya a ƙasa-ƙasa. Mu a Kaduna mun yi sa'a, domin tsawon yininmu ba ya nisa da awa 12 duk shekara, ba kamar Ingila ba.

Baban Ummi, Tudun Wada:
Na yarda da bayanan da aka yi, sai dai ban ga ya dace a ɗora wa ƙwai dukan laifin ba. Yar'uwa, sola ba haske kaɗai ta kawo miki ba; ta kawo talabijin da ba ya ɗaukewa da waya mai cikakken caji, kuma yaron da hankalinsa ya tafi a kan wasa ko fim ba zai yi barci ba ko da an rage hasken allon. Ki duba kuma ko ana ba su shayi da daddare, domin ganyen shayi yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke hana barci. Idan kin gyara waɗannan duka na makonni biyu ba a ga canji ba, musamman in akwai mai yawan minshari a cikinsu, to ki kai su su ga likita.