Wa ta taɓa gwada man tea tree ko na kanumfari a kan ciwon sanyi?

Amaryar bara: Salamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyar ke nan ƙaiƙayin gaba ya hana ni barci, ga farin ruwa mai gudaji kamar kindirmo, amma ba ya wari. Wata mai kayan mata ta ce in sayi man tea tree in riƙa matsi da shi. Don Allah wadda ta gwada ta faɗa min gaskiya.

Maman 'yan biyu: Ƙanwata, rufa wa kanki asiri. Ni na kanumfari na ɗiga a auduga, zallansa, na cusa. Wallahi ko minti biyu ban yi ba na ruga banɗaki, kamar an zuba min yaji. Na kwana zaune cikin baho, wurin ya kumbura har fitsari ya zame min aiki. Da safe a asibiti kunya ta hana ni faɗin abin da na yi, sai da likitar ta ce, "Baiwar Allah, me kika saka?"

Uwargida: Ni kam na ji sauƙi. Ɗigo biyu na tea tree a cokalin man kwakwa, daga waje kawai nake shafawa. Sai dai bayan sati biyu abin ya dawo.

Anti Nas: Yaya, lafawar ƙaiƙayi daban, warkewa daban. Abin da amarya ta kwatanta ya yi kama da Candida, wato cutar da wani nau'in yis ke kawowa, wadda kusan mata 3 cikin 4 kan yi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. A ɗakin gwaji man tea tree yana kashe ta, amma a jikin mace ba a tabbatar ba, kuma fatar wurin ba ta da juriyar ta hannu. Maganin da aka sani shi ne clotrimazole na matsi, ko fluconazole 150mg ƙwaya ɗaya. Mai ciki ta tsaya a na matsi, kada ta sha ƙwayar. Matsalarmu komai "sanyi" muke ce masa. In ruwan yana ƙarni irin na kifi, wata cutar ce, maganinta metronidazole. Amarya, ki je a ɗauki ruwan a gwada. Kuma masu shafa mai a wurin su sani, mai yana lalata kwaroron roba.

Hajiya Babba: 'Ya'yan nan, ni shekara guda ina fama. Miski, habbatus sauda, tsugunon bagaruwa, ba wanda ban yi ba. Ashe ciwon suga ne. Da aka daidaita shi ban sake ganin abin ba.

Amaryar bara: Anti, makon jiya na gama shan amoxicillin saboda haƙori. Ko shi ne?

Anti Nas: Zai iya zama shi. Yana kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke tsaron wurin, sai Candida ta samu damar yaɗuwa. Ki faɗa wa likita gobe, kuma ki bar wankin ciki da sabulu.